Soket ɗin Gindin Taga

Ka'akiyya, Makka
8 ga Shawwal

Zuwa ga matata Maryama, Maman Shaima,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, kuma jikin Hajiya yana ƙara sauƙi. Ya Kano, ya jinya? Ki gaishe ta da kyau, ki ce mata duk ranar da na shiga Harami sai na yi mata addu'a. Mu nan lafiya lau. Shaima tana ta fama da karatunta, Baba kuma yana nan yadda kika bar shi, abinci kaɗan, magana babu.

Kin kira sau huɗu jiya ban ɗauka ba. Ba aiki ne ya hana ni ba, kada in yi miki ƙarya. Na san abin da za ki tambaya, tunda Shaima ta gaya mini bidiyon nan ya iso har gidanku. Bakina ba zai iya wannan bayani a waya ba, shi ya sa na nemi takarda na zauna. In na gama zan ɗauki hotonta in turo miki. Ki karanta ke kaɗai, ba a gaban ƙannenki ba.

Jirgin ƙasa na saya, Maryama. Na wasa. Ni mai shekara hamsin da biyu, da furfura a gemu. Na ɓoye miki ne don na san irin kallon da za ki yi mini.

Ga yadda aka yi. Wata rana a Rajab ina zaune da Baba, sai talabijin ta nuna tsohon jirgi mai hayaƙi. Kin san tun rasuwar Inna yadda ya koma, sai a yi mako bai ce uffan ba. Ranar kuwa sai na ga ya gyara zama, ya fara motsa hannuwa kamar mai ɗiba da shebur, irin yadda yake zuba kwal a kan jirgin Kano zuwa Nguru tun kafin ya zo aikin Hajji ya zauna. Sai ya ce Ringim. Kalma ɗaya tak, amma na fita tsakar gida na yi hawaye. Washegari na bincika a waya na sami wani kanti a Jidda da ke sayar da ƙananan jiragen ƙasa, ba na yara ba, na manya masu sha'awa. Na zaɓi wani kan jirgi baƙi ƙirar Amurka, tsawonsa bai kai daga gwiwar hannu zuwa yatsu ba, yana hayaƙi, yana busa, ga taragu uku da layin dogo da ake haɗawa ya zagaye tabarma. Na nuna wa Baba hotonsa, na yi masa alkawari zai ga wannan jirgi yana tafiya a falonmu.

Ya iso mako ɗaya bayan tafiyarki. Da na buɗe kwali, bututun hayaƙin a karye, ƙafa ɗaya ta goce daga mazauninta, fentin gefe kuma a kankare. Ko kunna shi ban yi ba. Na kira lambar da suka rubuta, na'ura ce ke amsawa, danna ɗaya, danna biyu, sai kiɗa, sai layi ya yanke. Na tura saƙo, amsa ɗaya ce kullum, wai an karɓi ƙorafina kuma ina da muhimmanci a wurinsu. Sau uku suna neman hoton karayar, sau uku ina turawa. Daga baya suka ce in tuntuɓi kamfanin da ya ƙera, kamfanin ya ce in koma wurin kanti. Mako biyar ana yi da ni haka. A wannan kam ko a gaban alƙali ina da gaskiya.

Rannan sai mutum ya ɗauka. Ya ga sunan Kabo a takardar ciniki, sai ya bar Larabci ya gaishe ni da Hausa, irin Hausar 'ya'yan nan mai ɗingishi. Ashe Hatim ne, ɗan Hajiya Ɗaso ta bayan gidan burodi, wadda ke aiko wa Baba waina duk Juma'a. A kantin yake aiki shekara tara, ban sani ba. Cikin kwana huɗu ya karɓi karyayyen ya aiko da sabo.

Tsakiyar azumi ne, bayan la'asar. Na shimfiɗa dogon a gindin taga, na zaunar da Baba a kujera, na jona akwatin da ke ba jirgin wuta a soket, na murɗa kaɗan. Maryama, jirgin nan ya zabura da wani irin gudu, ya yi zagaye ɗaya da rabi, ya faɗo daga dogo, sai ƙauri. Akwatin wutar ma ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Baba ya dube shi, ya juya fuska bango.

Na kira Hatim a fusace. Ya tambaye ni cikin ladabi ko na tabbata ƙarfin wutar soket ɗin ɗari da goma ne, don kayan Amurka ba sa ɗaukar ɗari biyu da ashirin. Nan raina ya ƙara ɓaci. Na ce masa shekarata ashirin da bakwai ina aikin lantarki, duk unguwar Kudai inda shagona yake Mu'allim ake kirana, ni ne ke ja wa tantunan alhazai wuta a Arfa, ba mai amsa waya ne zai koya mini soket ɗin gidana ba. Ya ba ni haƙuri. Ƙa'idarsu ita ce a jira kamfani ya duba ƙonanne kafin a musanya, abin da kan ɗauki wata biyu. Da na gaya masa halin da Baba ke ciki, sai ya ɗauki nauyin a kansa ya aiko da na uku ba tare da jira ba.

Kwana uku bayan Sallah na kunna shi. Abin da ya faru da na biyu shi ya faru da na uku, ba bambanci. Wannan karon Baba bai juya bango ba. Hannu ya miƙo ya dafa kafaɗata yana bubbugawa, irin yadda ake lallashin yaro. Wallahi da ya zage ni ya fi mini sauƙi.

To daga nan ne bidiyon. Shaima ce ta riƙe wayar, kuma sau biyu tana cewa kada in saka shi. Abin da na faɗa kin ji da kunnenki. Na ambaci kantin, na ambaci Hatim da sunansa da na mahaifiyarsa, na ce da Hausa yake yaudarar 'yan'uwansa yana tura musu tarkace. Kafin kwana biyu ya zagaye Makka da Jidda. Shekaranjiya mai kantin, Abu Fahad, ya kira ni da kansa ya ba ni haƙuri. Ya ce ya dakatar da Hatim, don ya ba da kaya ba bisa ƙa'ida ba, kuma ya jawo wa kanti zagi. Iƙamar Hatim, wato takardar izinin zamansa, a ƙarƙashin kantin take, ƙarshen watan nan za ta ƙare, kuma ya ce bai ga dalilin sabunta ta ba.

Ni ban ce a kore shi ba. Na dai so a san an cuce ni. Amma tun da na ajiye wayar nan abinci ba ya yi mini daɗi. 'Ya'yansa mata huɗu, duk a nan aka haife su, shi ma a nan aka haife shi. In takardar ta mutu, ban san inda za su nufa ba. Duk da haka ai kaya uku ne suka lalace a hannuna, ko kuwa? Ki gaya mini gaskiya, kin fi kowa iya ta.

Ki gaida su Yaya da yara. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya dawo mana da ke lami lafiya.

Mijinki,
Mukhtaru Kabo

*

Ka'akiyya
10 ga Shawwal

Maryama,

Salamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, ya mai jiki? Na ji daɗi da kika ce ta fara cin tuwo.

Na cika miki shafi huɗu, ke kuma layi biyu kika turo. Wane soket na jona, kuma ɗigon jan farcen yana nan? Haba Maryama. Daga mai amsa waya sai matata, kowa ya zama malamin lantarki. Gidan nan tsohon gini ne mai layi biyu, kamar sauran gidajen unguwar, kuma ni na sake ja masa waya da hannuna shekarar da muka tare. Falo da ɗakuna ɗari da goma, kicin da na'urar sanyi ɗari biyu da ashirin. Ko daga barci aka tashe ni zan zana miki shi.

A soket ɗin gindin taga na jona, don nan ne Baba ke samun haske. Maganar jan farce kuwa ban gane ta ba. Na dai yi wa falon fenti kafin azumi don ki dawo ki tarar da shi fes, har marufan soket na bi da farin fenti saboda sun dafe. In akwai wata kwalliya da kika yi a jiki, to ta tafi, sai ki yi haƙuri.

Ban yi fushi ba, amma na so a ce ke kam kin tsaya a bayana. Gobe in na dawo daga Kudai zan sa mita in auna shi, in turo miki hoton, don hankalinki ya kwanta mu rufe wannan magana.

A gaida kowa.

Mijinki,
Mukhtaru

*

Ka'akiyya
14 ga Shawwal

Zuwa ga Maryama, Maman Shaima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Hajiya, Allah ya ƙara mata sauƙi. Ki yafe mini shirun kwana uku, kuma ki yafe mini waccan takarda. Ki goge ta daga wayarki in kina ƙaunata.

Na auna. Ɗari biyu da ashirin da shida.

Na zare wayoyin mitar na sake sakawa, na canja mata batir, na je na auna na bayan ƙofa ya nuna daidai, na dawo gindin taga. Lambar ba ta motsa ba. Ina durƙushe a wurin sai abin ya dawo mini gaba ɗaya. Shekara uku da suka wuce, ranar Juma'a, kin sayi keken ɗinkin nan mai lantarki, kika ce a gindin taga kike son sa. Na riga na sa farar riga zan tafi masallaci, na ce minti goma ne, na jawo layi daga na'urar sanyi na haɗa. Kika ce in rubuta a jiki, na ce ni da na yi aikin ba zan manta ba. Shi ne kika ɗauko jan farcenki kika ɗiga a kan marufin. Daga baya kika mai da keken ɗaki, ba abin da ake jonawa a wurin sai cajar waya, ita kuwa ba ruwanta da ɗari ko ɗari biyu. Ni kuma na zo da burushi na shafe ɗigon da hannuna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gudun. Yaron da ya yi wata uku a shagona ya san in inji ya zabura ninki biyu, wuta ce ta yi masa yawa. Na gani da idona sau biyu. Ban tsaya na yi tunani ba, don na riga na yanke cewa su ne macuta, tun daga na farkon.

Ban gama da wannan ba sai na ɗauko kwalin na uku zan ajiye a saman kabad. A cikin murfin, daga ciki, akwai rubutu da alƙalami shuɗi. Hannun Hatim ne. Ya rubuta da Larabci cewa don Allah Mu'allim a auna soket kafin a jona, sannan a ƙasa ya yi ƙoƙari da Hausarsa ya ce Allah ya ba Baba lafiya. Ranar da kayan ya zo ina ta sauri, ban ko kalli murfin ba. Kin ga ya san inda matsalar take. Ya dai rasa yadda zai sake gaya mini a baki bayan wankin da na yi masa, sai ya rubuta a inda ni kaɗai zan gani.

Jiya Juma'a na gan shi a masallaci. Na yi ƙoƙarin fita ta ƙofar gefe, sai ga shi a gabana wurin takalma. Shi ya fara miƙo hannu. Ya rame. Ya tambayi jikin Baba, ya tambaye ki, bai ce komai a kan aiki ba. Ni kuwa na amsa ina kallon takalmina. Da na iso gida na tarar Hajiya Ɗaso ta aiko da wainar Baba kamar kullum, da miyarta a ƙaramin kwano. Shaima ta zuba mini, na ce na ƙoshi.

Yanzu zan gaya miki mafi muni, don in ban faɗa miki ba babu wanda zan faɗa wa. Yau da hantsi, Shaima ta fita, Baba yana barci, na ɗauko sukuddireba na buɗe marufin soket ɗin. Minti goma ne in mai da shi ɗari da goma. Daga nan ko injiniyan gwamnati aka kawo ya auna, ni ke da gaskiya. Makon nan ne ɗan kwangilar Arfa ke rubuta sunayen shugabannin aiki, kuma wa zai ba da wutar tantunan alhazai ga mutumin da bai san soket ɗin falonsa ba? Har na kwance waya ɗaya. Na daɗe riƙe da ita. Daga ƙarshe na mayar da ita inda take na rufe, amma kada ki ɗauka tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni. Na tuna ke kin sani, kuma zan ci gaba da kallon fuskarki har ƙarshen rayuwata.

Ban gyara ba, ban kuma faɗa ba. Saura kwana goma sha biyar watan ya ƙare. Don Allah kada ki gaya wa kowa tukuna, ko Shaima. Ki bar ni in samu ƙarfin gwiwa.

Ki yi mini addu'a. Ina kewarki fiye da yadda zan iya rubutawa.

Mijinki mai jin kunyarki,
Mukhtaru

*

Ka'akiyya
21 ga Shawwal

Matata Maryama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kuna lafiya, kuma ƙafar Hajiya ta daina kumburi. Baba yana gaishe ki da ido, don da na ambaci sunanki ya ɗago kai.

Na karanta amsarki ya fi sau goma. Kin ce ba za ki gaya wa kowa ba, asirina naki ne, amma in kin dawo ba ki san da wace fuska za ki zauna kusa da Hajiya Ɗaso a gidan suna ba. Ba ki zage ni ba, ba ki ce in yi kaza ba. Da kin yi faɗa da na samu abin riƙewa.

Ranar Talata na hau mota zuwa Jidda da murfin kwalin a hammata. Kantin ƙarami ne, bai kai yadda na zata ba, jirage jere a cikin gilashi, kujerar Hatim babu kowa. Na gaya wa Abu Fahad komai a tsaye, don na kasa zama. Ya saurare ni har ƙarshe. Sai ya ce sau uku yana tambayar Hatim ko kuskuren daga mai saye ne, sau uku Hatim yana cewa bai ga gidan ba, ba zai ɗora wa dattijon unguwarsu abin da bai gani ba. Alhali aikinsa na cikin haɗari, Maryama. Ni kuwa da na ga komai da idona na ɗora masa.

Abu Fahad bai yi mini sassauci ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce zagin a bainar jama'a aka yi shi, haƙurin cikin kanti ba zai dawo masa da masu saye ba. Ya kuma amsa cewa na farkon laifinsu ne, da mako biyar ɗin da aka yi ana juya ni, ya ce in faɗi wannan ma in na ga dama. Amma maganar Hatim sai ya ga abin da na yi.

Na dawo na gaya wa Shaima. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, ta dai ɗauko wayar. Na durƙusa a gindin taga da rigar aikina, na sa mita a soket, ta matso da wayar har lambar ta fito sarai. Na faɗi sunana da sana'ata da shekarun da na yi a cikinta. Na nuna rubutun murfin. Na ce Hatim ya gargaɗe ni da baki, ya gargaɗe ni da alƙalami, ni na ƙona kayan da hannuna sannan na yi masa ƙazafi. Na yi da Larabci na sake da Hausa. Sau huɗu muna sake ɗauka kafin ya yi.

Bidiyon farko ya fi wannan yawo nesa ba kusa ba, mutane sun fi son zagi. Amma a Kudai kam ya isa ko'ina. Yanzu in na shigo layin shaguna sai in ji ana cewa ga Mu'allim Ɗari da Goma. Mai shayi ma da na miƙa masa caja sai da ya tambaye ni ko na auna. Ina dariya tare da su, me zan yi? Sunayen Arfa sun fito jiya. Ina ciki, amma ba a shugaba ba. An sa ni a ƙarƙashin Mahadi, wanda ni na koya masa riƙon filaya. Ya kira ni yana ta kame-kame, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, zan zo da wuri kuma zan auna duk abin da ya ce in auna.

Daga Jidda har yanzu shiru. Saura kwana takwas.

Ki gaida Hajiya da mutanen gida.

Naki,
Mukhtaru

*

Ka'akiyya
3 ga Zulƙida

Zuwa ga Maryama, Maman Shaima,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Alhamdu lillahi da labarin da kika aiko cewa Hajiya ta fara takawa har ƙofar gida. Allah ya cika mata lafiya. Mun ji ranar da kika sa ta dawowa, Shaima har ta fara wanke labule.

An mai da Hatim aiki, an sabunta masa iƙama kwana huɗu kafin ta ƙare. Abu Fahad ne ya turo mini saƙo, kalma huɗu. Na karanta a bakin shago, na shiga ciki na rufe ƙofa na yi sujada a kan tarin wayoyi.

Na je gidan Hajiya Ɗaso na durƙusa. Ta bar ni a durƙushe na ɗan lokaci, kuma na cancanta. Ta ce maganar aiki ta wuce, Allah ya rufa asiri. Amma akwai abin da ban mayar ba. Ta ce Hatim tun yana yaro ake yi masa dariyar Hausarsa a gida, ake yi masa dariyar baƙinsa a makaranta, bai taɓa sakin jiki ya yi Hausa da baƙo ba sai a kantin nan, in ya ga sunan mutanenmu a takarda. Yanzu ya ce mata ya daina. Larabci zai riƙa yi da kowa, kada a sake cewa da Hausa yake cin amanar mutane. Na tashi na fito.

Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga shi da kwali. Ashe na farkon nan mai karyayyen bututu injinsa lafiya lau, tunda shi kaɗai ne ban jona ba. Ya ciro injin ya sa a gangar jikin na biyun da na mayar musu, ya zauna ya haɗa da hannunsa a ranakun da yake zaune a gida ba aiki, tun bai san ko za a mai da shi ba. Na fara ba shi haƙuri, ban kai ƙarshe ba ya sunkuyo ya sumbaci kaina yadda ake yi wa manya a nan. Ni ya kamata in sumbaci nasa.

Muka shimfiɗa dogon wajen bayan ƙofa. Ya riƙe filogin ya tsaya, bai jona ba. Na gane. Na ɗauko mitata na miƙa masa na ce ya auna da kansa. Ya auna, ya nuna mini, sannan ya jona.

A hankali ya tashi, Maryama. Ƙafafun suna juyawa ɗaya bayan ɗaya, ɗan hayaƙi fari yana fita, ya ja taragunsa uku ya bi gefen tabarma. Da Hatim ya danna ya yi busa, Baba ya kama hannun kujera ya miƙe zaune. Sai ya fara. Jogana. Jirgin ya zagayo, ya ce Zakirai. Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori, kowane zagaye tasha ɗaya, bai tsallake ko ɗaya ba har Nguru. Shaima tana bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi. Da ya kai Nguru ya ɗaga hannu a tsaya, Hatim ya tsayar. Sai Baba ya dube ni ya yi magana mafi tsawo da na ji daga bakinsa cikin shekara biyu. Ya ce wannan ita ce tafiyar jirgi. Waɗancan biyun tun daga gudunsu ya san ba laifin inji ba ne, mai ba shi abinci ne ya cika hannu, kuma a zamaninsu direba a Jogana zai sauke irin wannan ya koma gida a ƙasa. Ashe har Baba ya sani. Ni kaɗai ne a gidan nan ban sani ba.

Hatim ya zauna har magariba ta kusa. Da Baba Hausa yake yi, yana tambayarsa yadda ake zuba kwal a hawa, Baba yana gyara masa kalmomi, su biyu suna dariya. Amma duk lokacin da ya juyo gare ni sai ya koma Larabci, cikin ladabi, Mu'allim kaza, Mu'allim kaza. Na yi masa magana da Hausa sau uku, ya amsa da Larabci sau uku. Har ya yi sallama bai yi mini kalma ɗaya da harshenmu ba. Ya ce zai dawo Juma'a mai zuwa ya kawo wa Baba ƙaramar tasha. Zan ci gaba da gaishe shi da Hausa, ko shekara nawa za a ɗauka.

Soket ɗin gindin taga ban mai da shi ba, na bar shi yadda yake. Jiya na shiga kantin kayan mata a Kudai da rigar aiki na ce a ba ni jan farce, mai kantin ya tambaye ni wane launi Hajiya ke so, na ce ai ni zan yi amfani da shi. Na kankare fentin na ɗiga. Ɗigon ya zama ƙato, ya zubo ta gefe, ko kusa bai yi kyan naki ba. Ban goge ba. In kin dawo ki gyara shi.

Baba da Shaima suna gaishe ki. Ki gaida Hajiya, ki ce mata surukinta yana neman addu'a. Allah ya kawo ki lafiya.

Mijinki da ke jiran ki,
Mukhtaru Kabo